Zanen da Ke Tafiya: Tsakanin Kwalta da Zauren Baje Koli

Tun ina yaro a Kalmalo, kafin in san akwai fannin ilimi da ake kira fasahar zane, na riga na zama ɗan kallonsa. Duk ranar Lahadi da muka shiga kasuwar Illela, hankalina ba ya kan shanu da raƙuma, yana kan ƙyauren bayan manyan motocin da ke lodi. Nan zaki ya turmushe barewa, can dawisu ya baza wutsiya, can kuma masallaci mai koriyar ƙubba, a ƙarƙashinsa an rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya". Wannan shi ne zanen titi na ƙasarmu. Ba a jikin bango yake zaune ba kamar na biranen Turai. Tafiya yake yi, daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni, yana magana da duk wanda ya biyo bayansa.

A wasu sassan duniya, irin wannan fasaha ta talakawa ta daɗe da barin titi ta shiga zaurukan baje koli, inda attajirai ke sayenta. Jean-Michel Basquiat ya fara ne da rubuce-rubuce a bangayen birnin New York na Amurka, amma a 2017 an yi gwanjon wani zanensa kan dala miliyan 110.5. A Landan kuwa, a 2018, wani zanen Banksy ya yayyage kansa da wata na'ura da ya ɓoye a cikin firam, jim kaɗan bayan an saye shi kan fam miliyan ɗaya da 'yan kai. Mutane da yawa sun ɗauki hakan a matsayin bore ga 'yan kasuwar zane. Sai ga shi a 2021 an sake sayar da yagaggen kan fiye da fam miliyan 18. Kasuwa ta haɗiye zanen, ta haɗa da boren. Tambayata ita ce: ranar da wannan kasuwa ta waiwayi ƙyauren motocinmu, me za mu samu, me za mu rasa?

Abin da za a rasa na gane shi ne lokacin da aka rufe kan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Motoci da dama suka yi zaman dirshan, ƙura ta lulluɓe su. Na tsaya bayan wata ina kallon zakinta, fentinsa bai dusashe ba, amma kwarjininsa ya tafi. A nan na fahimci cewa rabin ma'anar zanen tana cikin tafiyarsa. "Haƙuri maganin zaman duniya" a bayan motar da ke hawan tudu da lodin albasa, nasiha ce ga direban da ke ƙoƙarin wuce ta, kuma lallashi ce ga yaron motar da ke zaune a saman kaya. Idan aka ciro ƙyauren aka rataye shi a farin bango ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, kalmomin za su koma ado, ga mai kallon da watakila ko Hausa ba ya ji. Zaure yana iya sayen katako da fenti, amma ba ya iya sayen hanya.

Duk da haka, rashin adalci ne in tsaya nan in ɗora wa zauren laifi duka. Wane gata titin ya yi wa mai zanen? Shekara da shekaru ina kallon waɗannan zakuna, ban taɓa tambayar wanda ya zana su ba. Mun san sunan mai mota, mun san laƙabin direba, amma hannun da ya riƙe buroshi baƙo ne gare mu. Ga shi kuma sitika da hotunan da kwamfuta ke bugawa suna ƙwace masa aiki, domin sun fi sauri da araha. Wanda bai taɓa biyan ko sisi don kallo ba, bai kamata ya fi kowa ɗaga murya idan mai sana'a ya sami mai saye ba.

Akwai darasi a rayuwar Chéri Samba na Kwango, wanda ya fara da zanen allunan shaguna a Kinshasa kafin baje kolin Paris na 1989 ya fito da shi duniya. Ya shiga zaure da sunansa, kuma bai daina rubuta harshen Lingala a jikin zanensa ba. Akasin haka muke gani a gidajen tarihi da dama na Turai, inda ake baje rigunan aska takwas da sunan ƙabila da gari kawai, maɗinkin kuwa babu labarinsa.

Saboda haka, a nawa ra'ayin, ma'aunin da ya dace mu auna wannan ƙaura da shi sharuɗɗa biyu ne. Na farko, mai zanen ya shiga zauren da sunansa da haƙƙinsa, ba a matsayin "wani Bahaushe" ba. Na biyu, kada kuɗin zaure ya raba shi da tasha, har ya koma zana abin da baƙo ke son gani game da mu, maimakon abin da muke faɗa wa junanmu. In an cika waɗannan, zaure ya zama rumbu. In ba a cika ba, ya zama maƙabarta mai fitilu.

Kafin masu saye su iso kuwa, akwai aikin da ke kanmu, mu ɗaliban adabi da muke nazarin kirari da karin magana a littafi alhali suna wuce mu a kan kwalta. Ni dai na ɗaukar wa kaina alkawari: Lahadi mai zuwa, idan na ga zaki a bayan mota, zan tambayi direba wane ne ya zana shi, in rubuta sunansa.