Gwanayen da ke Sauya Tsohon Haƙorin Ƙarfe

Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san haƙorin Makka. Alhaji ko Hajiya za su dawo da tsarabar zamzam da dabino, in sun yi murmushi sai zinariya ko azurfa ta haska a gefen baki. Shaida ce ta an sauke farali, kuma abin alfahari ne ga mai shi da iyalinsa, a Kano ko Maraɗi, a Bukuru ko Vom. Sai dai wannan hular ƙarfe da ake rufe haƙori da ita tana da wa'adinta a cikin baki. Bayan shekaru, wani zai ga dasashinsa ya yi baƙi a gindin haƙorin, wani jini yake gani in ya yi asuwaki, wani kuma wari ne ya ƙi jin magani. A sanyin Vom na Disamba da Janairu, kurɓar ruwan randa da asuba ta isa ta sa mutum ya dafe kunci, domin ƙarfe ba ya tare sanyi, miƙa shi yake yi ciki.

Vom gari ne da ya san darajar aikin natsuwa. Tun 1924 cibiyar binciken cututtukan dabbobi take nan, ga asibitin mishan da ya fara aiki a waɗannan shekarun, ga kwalejin da ke horar da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Amma mai son a sauya masa hular haƙori yawanci hanyar Bukuru yake bi zuwa Jos, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da asibitocin haƙori masu zaman kansu suke. A can aikin ya rataya ne a wuyan mutum biyu: likitan da majinyaci yake gani, da maƙerin haƙori da ke can ɗakin aiki, wanda sau da yawa ko sunansa ba a ji.

Gwanintar likita tana fara bayyana tun kafin ya taɓa komai. Zai ɗauki hoton haƙorin, ya bi bakin hular da siririn tsinken ƙarfe yana neman inda ya maƙale, ya danna dasashi ya ga ko zai yi jini. Hular zinariya ta gaske, wadda aka zuba daidai da awon haƙori, takan yi shekaru masu yawa ba ta gaza ba, kuma ba ta cinye haƙorin da take taunawa da shi. In irinta ce, bakinta a rufe ruf, likitan kirki zai ce, "Alhaji, wannan lafiyarta ƙalau, a bar ta." Wadda ake cirewa ita ce mai giɓi a baki, inda abinci ke shiga ya kwana, ruɓa ta ci haƙori a ɓoye. Akwai kuma ta ƙarfe mai arha da aka haɗa da nikel, wanda jikin wasu ba ya so, musamman mata. Sai mai farin tangaran a sama da ƙarfe a ƙasa, irin da ya bazu a duniya tun bayan 1962, wadda in dasashi ya ja baya sai baƙin layi ya fito fili.

Cirewar ma abin kallo ce. Ba fizga ake yi ba, don abin da ya rage na haƙorin yana iya biyo hular. Bayan allurar kashe zafi, likita zai sa ɗan injinsa mai fesa ruwa ya tsaga ƙarfen daga gefen dasashi zuwa saman haƙori. Hannunsa yana jin lokacin da ƙarfe ya ƙare, idonsa yana jiran farin layin simintin da aka manne hular da shi ya bayyana, nan take ya tsaya. Sai ya sa wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki a tsagar, ya murɗa kaɗan, hular ta buɗe ta saki. Abin da ke ƙarƙashi shi zai faɗi sauran aiki. In ruɓa ce a kankare a cike, in ta kai jijiya a yi aikin jijiya tukuna. Daga nan ya gyara siffar haƙorin, ya fitar masa da ɗan dakali mai santsi kewaye da gindinsa, inda sabuwar hula za ta zauna. Ya tura siririn zare tsakanin dasashi da haƙori don dakalin ya fito sarai, ya ɗauki sawunsa da roba mai daskarewa ko da na'urar hoto mai aika siffar kai tsaye cikin kwamfuta, sannan ya rufe haƙorin da hular wucin gadi.

Tunanin rufe haƙori da tangaran zalla ya daɗe. Wani likitan Amurka, Charles Land, ya yi rajistar fasaharsa a 1889, amma tangaran ɗin wancan zamani yana saurin fashewa. A 1985, a Jami'ar Zurik, Werner Mörmann da Marco Brandestini suka nuna cewa kwamfuta za ta iya auna haƙori inji ya sassaƙa abin da za a sa masa. A yau abubuwa biyu ne suka fi tashe. Akwai tangaran mai kama da gilashi, irin su e.max, wanda haske ke ratsawa, ya dace da haƙoran gaba. Akwai kuma zirkoniya, wadda ta ninka shi ƙarfi, ta dace da turame masu tauna ƙashi da goro. Ana tace ta ne daga ma'adinin zirkon, wanda mutanen Filato suka saba gani cikin yashin da ake wanke kuza.

A nan maƙeri yake nuna kansa. Zirkoniya ana sassaƙa ta ne tun tana da laushi, sannan a gasa ta a wuta mai zafin digiri 1,500 ko kusa da haka, inda take tsukewa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Kamar yadda maginiyar tukunya ta san ƙasa za ta ja in ta sha wuta, haka dole a yi hular da girma daidai gwargwadon abin da wuta za ta rage. In ta fito, giɓin da ake yarda da shi tsakaninta da haƙori bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wannan ɗan layin shi ne ran aikin gaba ɗaya. In ya rufu, haƙori ya tsira shekaru. In ya buɗe, komai kyan hular, ruɓa za ta dawo.

Sai launi. Farin haƙori iri-iri ne, har ma'aunin VITA da aka fi amfani da shi yana da kala 16. Gwani yakan duba launi da hasken rana, tun haƙori bai bushe ba. Bakin dattijon da ya shekara arba'in yana cin goro daban yake da na budurwa. Mutumin Langtang, inda sinadarin fuloraid ya yi yawa a ruwan sha har yana bar wa haƙora tabo ruwan ƙasa, daban yake da na Vom. Maƙeri zai ɗauki burushi mai siririn baki ya sa rawaya-rawaya a gindi, ya bar tsinin da ɗan haske, har ya kwaikwayi tabon maƙwabcin haƙori, ya mayar wuta. Burinsa kada kowa ya gane inda ya yi aiki.

Ranar sawa, likita zai gwada hular ba siminti, ya zura zaren sakace ya ji ko ya wuce da ɗan tirjiya. Ya sa siririyar takarda mai shuɗi tsakanin haƙora. "Hajiya, ɗan cije a hankali. To, goga hagu da dama." Inda shuɗin ya taru, nan ne tudu. Ya rage, ya sake gwadawa, ya goge wurin har ya yi sulɓi, domin tangaran mai kaushi yana cinye haƙorin da ke fuskantarsa. Sai majinyaciya ta ce, "Likita, yanzu kam ban ji bambanci ba," sannan a manne.

Wannan sana'a karatu ake yi mata. Makarantar tarayya da ke Inugu ta daɗe tana yaye maƙeran haƙori, kuma akwai hukumar da ke yi musu rajista, kamar yadda likitoci suke da tasu. Mai son sauya tsohuwar hula ya nemi masu rajista, ya tambayi da me za a yi sabuwar, ya guji duk wanda zai cire ba tare da hoto ba. 'Yan makarantar Vom da Kuru da Bukuru masu haƙuri da kaifin ido kuwa, ga sana'a nan tana neman hannu. Arewa na da bakuna masu yawa da ke jiran gyara, masu gyaran kuma ba su kai yadda ake bukata ba.