Abin Alfahari da Abin Koyi: Tarken Hoton Mace Shugaba a Sarraounia da Wa Zai Auri Jahila?

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka buɗe zancen shugabancin mata a ajin adabi, sunaye biyu ne kan riga saura fitowa daga bakin ɗalibai, wato Amina ta Zazzau da Sarauniya Mangu ta Lugu. Dukansu mayaƙa ake ɗaukarsu, kuma an fi saninsu ta hanyar labari da waƙa da fim fiye da ta hanyar takardun tarihi. Saboda haka ya kamata a tsaya a yi tambaya: wane irin hoto ne masu fasaha suka zana na mace shugaba, kuma me ɗaliba za ta iya ɗauka daga hoton ta yi aiki da shi a rayuwarta?

Wannan takarda za ta yi tarken littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani (1980), tare da fim ɗin da Med Hondo ya shirya daga gare shi (1986), sannan ta kwatanta su da littafin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990). An ɗora nazarin a kan ra'in matantaka, wato hanyar nazarin da ke duba yadda aka siffanta mace a adabi, da wanda ya siffanta ta, da kuma wanda siffar take yi wa amfani. Hausa ta bambanta abin alfahari da abin koyi. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, kowanne daga cikin marubutan nan biyu ɗaya ya bayar daga cikinsu, kuma sanin bambancin yana da muhimmanci ga mai karatu.

2.0 Sarauniyar Tarihi da Sarauniyar Littafi

A watan Afrilun 1899 rundunar wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, ta iso Lugu da ke ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, a hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi. Mutanen Lugu, waɗanda Azna ne masu addinin gargajiya, sun ƙi miƙa wuya. An gwabza, suka janye cikin daji, aka ƙone garin. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. A watan Yuli hafsoshin suka kashe Kanar Klobb da aka aiko ya karɓe ragama daga hannunsu, kuma cikin ƴan kwanaki su ma sojojinsu suka harbe su. Rubuce-rubucen Faransawa ba su ba Sarauniya wani fili ba. A taƙaice suka ambace ta, a matsayin tsohuwa mai sihiri.

Daga wannan ɗan guntun ambato da kuma labaran baka Mamani (1932-1993) ya gina littafinsa. Shi ɗan siyasa ne na jam'iyyar Sawaba, wanda ya yi shekaru yana gudun hijira kafin ya dawo Nijar bayan juyin mulkin 1974. Buƙatarsa a fili take: ƙasa tana son gwarzon da ya tsaya wa ɗan mulkin mallaka, sai ya samo mata gwarzuwa. A littafin, uwar Sarauniya ta rasu wajen haihuwarta, Dawa aminin mahaifinta ya raine ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sanin magunguna da dabarun yaƙi. Ta tashi matashiya mai kyau da kwarjini, tana jagorancin mayaƙa da kanta, kuma labarin ya bar mai karatu da tunanin cewa asirinta ne ya haukata hafsoshin har suka hallaka.

Ta fuskar salo, littafin ya yi nasara ta hanyar sauya idon da ake kallon labarin da shi. Babi zuwa babi ana shiga fadojin sarakuna da sansanin Turawa da zukatan sojojin haya, kowa yana faɗin abin da ya ji game da Sarauniya, tsoronta yana riga ta isa ko'ina. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya ƙara wa hoton girma a fim ɗin da ya ɗauka a Burkina Faso, inda Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Tun daga nan sunan ya zama na ƙasa baki ɗaya, ana raɗa shi wa kafofin watsa labarai da wuraren kasuwanci.

Sai dai mai tarke dole ya lura da abin da aka ajiye gefe kafin a sami wannan hoto. A Lugu, sarauniya muƙami ne da ke wucewa daga mace zuwa mace, kuma aikinta na addinin gargajiya ne, na kula da alaƙar jama'a da iskoki da albarkar ƙasa, tana zaune a keɓe. Kalmar Faransanci reine da aka fassara ta da ita ba ta ɗauke da wannan ma'ana. Mamani ya ɗauki muƙamin da mata da yawa suka riƙe ya mayar da shi sunan mutum ɗaya tilo. Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta yi magana a kan irin wannan mantuwa da shugabancin mata a wata maƙala da ta fitar a 2009.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi ga ɗaliba. Kafin Sarauniyar labari ta cancanci mulki, sai da aka raba ta da duk abin da ya haɗa ta da sauran mata. Ba ta sha nonon uwa ba, namiji ne ya raine ta, ilimin maza aka koya mata, ba ta zauna gidan miji ba, kuma an kawar mata da haihuwa. Haka labaran baka suke cewa Amina ma ba ta yi aure ba. Saƙon da ke ɓoye a nan shi ne, mace takan shugabanta ne idan ta daina rayuwa irin ta mata. Ɗaliba za ta iya yin alfahari da irin wannan tauraruwa, amma babu matakin da za ta taka ta bi sawunta, domin nonon goɗiya da asiri ba abin da ake nema a samu ba ne.

3.0 Abu: Tauraruwar da Ba ta Riƙe Mashi ba

Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka haifa a Kano a 1959, ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad. An cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana da shekara 13, auren ya mutu, daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya. Ta fara fitowa da Budurwar Zuciya a 1987, ta kuma kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Littattafanta na cikin rukunin da ake kira adabin kasuwar Kano, wanda wasu malamai suka daɗe suna yi wa kallon raini.

Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar ƙauye mai son karatu da mahaifinta ya cire daga makaranta. Amadu, wanda aka yi musu alkawarin aure, ya yi nisa a boko, sai ya ce ba zai auri jahila ba. Don huce haushi da kare mutunci, uban ya ba da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haura shekara hamsin. Marubuciyar ba ta sakaya zaluncin daren farko ba, kuma ba ta sakaya abin da haihuwa a ƙananan shekaru ta jawo wa Abu ba, wato rasa jinjiri da ciwon yoyon fitsari. Abu ta gudu birni wajen ƴar'uwarsu Hajiya Kumatu, ta sami magani, ta koma makaranta, ta zama ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya. Waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman alfarmarta.

Ga ɗalibin harshe, gwanintar littafin tana cikin sunansa. Tambaya ce da aka ɗauko daga bakin namiji. A farkon labarin kalmar "jahila" tana nufin wadda ba ta yi boko ba, amma kafin a kai ƙarshe ma'anar ta juya ta koma kan masu faɗinta: uban da ya aurar da ƴarsa ba da yardarta ba, da mijin da bai san haƙƙin da addini ya ɗora masa ba, su ne labarin ya nuna a matsayin jahilai. Marubuciyar ba ta yi jayayya da Musulunci ba. Da hujjojinsa ta yi jayayya da al'ada. Wannan ne Novian Whitsitt ya kira matantakar Musulunci ta Hausawa a nazarinsa na 2002.

Matsalar da littafin ya taɓo ba ta tsaya a Nijeriya ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Ke nan ɗalibar da ta iso jami'a ta san Abu ido da ido, a cikin ƙawayen da ta baro a firamare. Kowane mataki da Abu ta taka, wato neman mafaka da neman magani da komawa aji da riƙe sana'a, mataki ne da mutum zai iya takawa. A nan littafin ya zama abin koyi.

Amma shi ma yana da nasa rauni. Zubinsa ya dogara ƙwarai da sakayya: kusan duk wanda ya cuci tauraruwa sai ƙaddara ta kayar da shi, kamar yadda gobarar kasuwa ta karya Alhaji Abdu a Alhaki Kuykuyo Ne (1990). Wannan yana sanyaya zuciyar mai karatu, amma yana iya sa shi ya ɗauka cewa gyara aikin ƙaddara ne kawai, ba sai jama'a sun sauya doka ko ɗabi'a ba. Haka kuma ana auna nasarar Abu da nadamar mazan da suka ƙi ta, kamar dai karatun nata bai cika ba sai sun shaida shi. A Alhaki Kuykuyo Ne ma, bayan Rabi ta riƙe ƴaƴanta tara da sayar da abinci, mazan dangi ne suka matsa mata ta koma gidan mijin da ya kore ta.

4.0 Wa Ya Koyar da Wa, kuma da Wane Harshe?

Idan aka jera ayyukan biyu, bambancin da ya fi fitowa yana wajen wanda ya miƙa wa tauraruwa ilimi. A wajen Mamani namiji ne, Dawa, kuma labarin bai nuna wata yarinya da Sarauniya ta horar ta gaje ta ba. A wajen Balaraba mace ce, Hajiya Kumatu, wadda ba ta da sarauta ko runduna, sai ɗaki da ƙarfin halin tsayawa gaban maza ta ce yarinyar nan ba za ta koma ba. Ana iya cewa ita ce ainihin shugaba a littafin, duk da ba ita ce tauraruwa ba.

Irin wannan shugabanci yana da tushe a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu (1793-1864) ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda take horar da jajoji, ta naɗa musu malfa, su kuma su shiga ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙoƙinta. A zamanin nan kuma, ranar 13 ga Mayun 1991 matan Yamai sun yi zanga-zanga saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. Dokar kason mata ta 2000 ta biyo bayan irin wannan gwagwarmaya. Shugabanci ne na taro, wanda ba shi da fuska ɗaya da za a zana a bango, shi ya sa masu fasaha ba su cika ɗaukarsa ba.

Batun harshe ma yana cikin hukunci. Sarauniya Bahausa ce, amma da Faransanci aka rubuta littafinta, fim ɗin kuma ba da Hausa aka yi shi ba, don haka matan Lugu ba su cikin masu sauraron da aka nufa da farko. Balaraba kuwa da Hausar gida ta rubuta, a ƙananan littattafai masu araha da ake saye a kasuwa, ana aro, ana karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Sai a 2012 Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya. Ɗaya ya kai labarin mace ga duniya, ɗayar ta kai shi cikin ɗakunan matan da abin ya shafa.

5.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa Mamani da Hondo sun ceto sunan Sarauniya daga rainin marubutan mulkin mallaka, kuma wannan aiki ne babba, amma sun yi hakan ta hanyar ware ta daga sauran mata. Balaraba ta zana macen da ke cikin mata, mai rauni da ciwo, wadda hanyarta a buɗe take ga mai son bi, ko da yake ta jingina warwarar labarinta ga sakayya. Ɗalibin da ke nazarin hoton mace shugaba, a littafi ko a fim ko a zane, zai amfana idan ya riƙa yin tambayoyi uku: me aka cire wa tauraruwar kafin a ba ta girma, wa ya koya mata, kuma wa ita ta koyar. A fagen ƙirƙira kuwa, akwai fili ga ɗaliban da ke rubutu da Hausa su ba da labarin jaji a kan hanyarta ta zuwa ƙauye, ko na matan da suka fito titin Yamai a 1991.