Wai a rage wa doki ciyawa: shawarar Ingila a turken Kaura Namoda

Ana saura makonni kaɗan a yi hawan Sallah, kawuna da ke Kaura Namoda ya turo min wani bidiyo ta WhatsApp. Wata Baturiya ce ke ɗaura wa ƙaramin dokinta takunkumi, wai ciyawa ke gurgunta dawaki. Ya ce, "Kai da ka yi boko, mu ma mu rage wa namu?" Na ce, "Kawu, a dakata tukuna."

Baturiyar nan fa ba ƙarya take ba. Akwai ciwon kofato da ake kira laminaitis: naman da ke manne kofato da ƙashin ƙafa ne ke lalacewa, har ƙashin ya goce. Doki ya riƙa jingina nauyinsa baya, kofatonsa da zafi, taku ɗaya ma azaba. A 2007 masu bincike a Ostireliya suka nuna cewa yawan sinadarin insulin a jini kaɗai ya isa ya jawo ciwon. Ƙananan dawakin Birtaniya masu girman ƙuru, irin su Shetland, sun samo asali ne a ƙasa mai ƙarancin abinci, jikinsu gwanin tara kitse ne. A sake su a makiyaya mai ciyawar ƙasashen sanyi, wadda ke tara sukari da yawa, sai insulin ya hau. Takunkumin kan rage abin da suke ci da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Inda bidiyon ya gaza shi ne bai faɗi wane doki ba, kuma wace ciyawa. Gamba da ƙyasuwa da harƙiya ciyayin ƙasar zafi ne, galibi ba sa tara sukari kamar na can. Daga Nuwamba zuwa Mayu ma ina ɗanyar ciyawar? Dokinmu a turke yake, abin da aka zuba masa shi zai ci. Ga rashin tsaro a yankin Zurmi da Shinkafi, shiga daji yankan ciyawa ya zama kasada, kilisa ma ta ragu. Mai doki sai ya cike giɓin da dawa da gero da dusa. Ga kuma ra'ayinmu cewa dokin da ya yi ɓul-ɓul shi ne dokin hawa.

To, a nan haɗarin yake. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15, kuma dare da rana yana fitar da asid, domin an halicce shi ya yi kiwo har awa 16 a yini. In ya daɗe babu abin tauna, asid ya ci tumbin, gyambon ciki ya kama shi. In kuma aka juye masa hatsi da yawa a lokaci guda, sitacin da bai narke ba sai ya wuce babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su tsamar da shi. Daga nan sai ciwon ciki mai sa doki birgima, ko wannan ciwon kofaton dai. Doki kuwa ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Ka ga wanda ya rage ciyawa ya bar hatsi yadda yake ya ƙara tura dokinsa ga abin da yake gudu.

Ga lissafin da na ba kawu. Doki na buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa aƙalla kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa a kullum, wato kilo 4 da rabi ga doki mai kilo 300. Hatsi kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya, ƙasa da haka ma ya fi. Tiya guda ta haura kilo 2, saboda haka a raba ta, kuma a fara ba shi ciyawa kafin hatsi. In ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba, ko doron wuyansa ya yi kauri ya taurare, hatsin za ka rage.

Wuri biyu ne shawarar Baturiyar ta shafe mu. Na farko, farkon damina: cikin da ya yi watanni kan busasshen abinci ba a cika shi da ɗanyar ciyawa rana ɗaya, a saba masa a hankali cikin mako biyu. Na biyu, gyauron dawa da dawar da fari ya ƙuntata, waɗanda ke ɗauke da gubar sayanayid. Wannan kam makiyaya sun daɗe da saninsa, kada doki ya kusance shi.

In kuwa doki ya ƙi taka ƙafa kuma kofato ya yi zafi, a janye hatsi nan take, a tsayar da shi kan yashi mai laushi, a riƙa sanyaya ƙafafun da ruwa, a nemi likitan dabbobi. Hawan bana ya haƙura da shi.

Kawu dai ya raba tiyar gida uku, kuɗin takunkumin kuma ya sayi harawa da shi.