3.4 Ra'ayoyin Ɗalibai Kan Yarinta da Bege a Littafin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, aka kuma buga shi a 1934. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Wannan sashe zai dubi yadda ɗalibai ke karɓar jigon yarinta da bege a littafin, tare da auna ra'ayoyin nasu da abin da ke cikin matani.

Tun daga zubin littafin ma ɗalibai na da gurbi a ciki, domin almajiran Shaihu Umar ne suka tambaye shi asalinsa a garin Rauta, shi kuma ya shiga ba su tarihinsa. Ke nan mai karatu na yau yana zaune ne a sahun waɗancan almajirai. Bambancin kawai shi ne, almajiran Rauta sun saurara ba su yi musu ba, ɗaliban yau kuwa ra'ayoyinsu kan kasu gida uku.

3.4.1 Masu Tausayi

Kashi na farko su ne waɗanda tausayi ke rinjaya. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne yaron da aka haifa a Kagara bayan rasuwar mahaifinsa, aka kori Makau mijin mahaifiyarsa saboda sharrin 'yan'uwansa fadawa, sannan aka sace shi a lokacin da uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta. Ɗalibin da ya bar gida yana ƙarami, ko zuwa makarantar kwana ko ta allo, yakan ga kansa a jikin Umar. A wurin irin waɗannan ɗalibai littafin labari ne na begen gida.

Wannan ra'ayi yana da hujja, amma akwai gyara a cikinsa. Idan aka bi labarin da kyau za a ga Umar bai samu yarintar da zai yi marmarinta ba. Babu dandali, babu abokan wasa, babu tatsuniyar kaka da za a ce ya riƙe a zuci. Har ma da ya girma ya dawo ƙasar Hausa, ba Kagara ya koma ba, Rauta ya zauna. Saboda haka begen da ke cikin littafin ba na gari ba ne, na mutum ɗaya ne, wato mahaifiyarsa, wadda mafarkinta ya hana shi sakat a Ber Kufa duk da ilimi da darajar da ya samu.

3.4.2 Masu Ganin Sanyin Tauraro

Kashi na biyu su ne masu kukan cewa labarin ya yi sanyi. Yawancinsu sun saba da littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, inda tauraro ke faɗin abin da ke ransa, ya yi fushi, ya yi jayayya da iyaye. Umar kuwa abubuwa ne ke faruwa da shi, ba shi ke aikata su ba. An sace shi, an tsince shi, an kai shi Kano, an miƙa shi ga Balarabe Abdulkarim, duk bai zaɓi ko ɗaya ba.

A nan ya kamata a tuna wane ne mai ba da labarin. Ba yaron ke magana ba, dattijon malami ne a gaban almajiransa, kuma a al'adar Bahaushe malami ba ya kuka a gaban ɗalibai. Kunya da kawaici da yarda da ƙaddara su suka tace muryarsa. Sanyin da ɗaliban suka ji gaskiya ne, sai dai salo ne da ya dace da bakin mai maganar, ba rauni ba ne na marubucin.

3.4.3 Masu Tuhuma

Kashi na uku su ne suka fi kusantar zuciyar al'amarin. Tambayarsu ita ce: ta yaya Umar zai riƙa tuna Abdulkarim da alheri, alhali cinikin bayi ne ya kawo shi Kano? Mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, ya kai shi karatu wurin Shaihu Mas'ud, yana cikin masu sana'ar da ta haɗiye mahaifiyarsa. Ita ta fito neman ɗanta tana 'ya mai 'yanci, aka yaudare ta, aka ratsa da ita Sahara, aka sayar, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus tana dab da cikawa.

Haƙiƙa Umar bai fito ya la'anci bauta da bakinsa ba. Amma marubucin ya jera rayuwa biyu a kan hanya ɗaya: ɗa ya bi ta ya zama shaihi, uwa ta bi ta ta zama baiwa. Wannan jeri shi ne hukuncin littafin. Bugu da ƙari, a 1934 bauta ba tsohon labari ba ce, domin dokar Lugard ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayanta ta 'yanta, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Masu karatun farko suna zaune tare da bayi da iyayengijinsu, don haka nuni ya ishe su.

3.4.4 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kowane kashi ya kama wani ɓangare na littafin. Haɗarin yana ga malamin da zai tsaya a kan ra'ayin farko kaɗai, ya koyar da Shaihu Umar a matsayin labarin haƙuri mai kyakkyawan ƙarshe. Yin haka zai bar uwar a baya, alhali ita ce ta biya kuɗin darajar da ɗanta ya samu. Ya fi dacewa a bar ɗalibai masu tuhuma su yi tambayarsu a aji, a kuma mayar da su ga tafiyar uwar daga Kano zuwa Tarabulus su nemi amsa a can.