Ba'indiyen da Ya Shirya Ni da Iya Mai Ƙosai

In dai maganar Hariprasad Chaurasia ake, a cire ni daga cikin alƙalai, don ba zan yi adalci ba. Bawan Allahn nan ya gama da ni. Faifan da ya yi da abokansa biyu mai suna Call of the Valley ya fito tun 1967, lokacin babana ko makarantar allo bai shiga ba, amma yau shi nake kwana da shi nake tashi da shi a ɗakina na haya a Liman Abaji, nan cikin garin Keffi. Ban da daɗin kunne, ya yi mini wani alherin: ba don shi ba da tuni an watso mini kaya waje.

Duk wanda ya kalli fim ɗin Hero na 1983 ya san busarsa, ko da bai san sunansa ba. Jackie Shroff ne ke riƙe da sarewa a allo, amma numfashin na Chaurasia ne. Wannan busar ta ja ni na sayi sarewar roba irin ta 'yan firamare, ina ganin mako biyu ya ishe ni. Gidanmu kuwa ɗaki takwas ne masu kallon juna, rufin kwano, babu silin. Maƙwabci ya yi atishawa, kai za ka amsa masa. Kwana uku da fara busa, Iya mai ƙosai, wadda ke tashi tun kafin kiran assalatu ta ɗan runtsa bayan azahar, ta ɗaga labulena.

"Ɗan nan, akuya ce ta maƙale a ɗakinka?"

Da na gwada da dare kuma ta ce, ana hana yara fito don kada su tara mana macizai, ni na je na sayo nawa da kuɗi. Na ce Allah ya ba ki haƙuri, Iya. Na cusa sarewa ƙarƙashin katifa.

Cikin wannan zaman makokin wani abokina da ke karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa ya turo mini faifan. Mutum uku ne: Shivkumar Sharma a kan santur, wani akwati mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna biyu, Brij Bhushan Kabra da jita, sai gwanina da sarewar gora da suke kira bansuri. Ba a furta kalma ko ɗaya, amma labari ne cikakke, yinin wani makiyayi a duwatsun Kashmir tun daga fitowar alfijir har dare ya raba. Makiyayi fa! Ai na gida ne. Wanda ya taɓa jin ɗan Fulani na busa sarewar kara a bayan shanu ta wajen hanyar Akwanga ba ya bukatar tafinta. Garin namu ma Abdu Zanga ne ya kafa shi wajen 1800, shi kuwa Bafulatani ne daga ƙasar Katsina.

Abin da ya kashe ni shi ne yadda sarewar ke shigowa. Ba ta bankaɗo ƙofa, sallama take yi. Kafin sautin ya iso za ka fara jin iskar bakinsa, sannan muryar ta taso daga can ƙasa, mai kauri, mai ɗumi, kamar hayaƙin turaren wuta a ɗakin amarya. Ya kan kama sauti ɗaya ya riƙe shi har kai mai sauraro numfashinka ya ƙare, sannan ya zame zuwa na gaba ba ka ga inda ya ɗaga yatsa ba. Wallahi na maimaita ɓangaren ƙarshe, wanda ake kira Pahadi, har batir ya mutu. Ƙorafina biyu ne kawai: faifan na asali bai kai awa guda ba, kuma santur ya cinye wa sarewa fili fiye da yadda raina ya so. Na san masoya Sharma za su ce son kai ne. Na amsa.

A nan na gano inda gizo ke saƙar. Gajeriyar sarewa mai siririn ciki dole ta yi tsiwa, kuma duk sa'ad da kake son hawa sama sai ka ƙara wa iska gudu, wannan ƙarar ce ke huda bango. Tasa kuwa doguwa ce, ta kai kamu ɗaya da rabi, mai faɗin ciki, ana riƙe ta a gicciye. Na sami mai gyaran famfo ya yanko mini bututun roba, muka toshe kai ɗaya, muka huda ramuka da ƙusa mai zafi. Muninta ba a magana, huda ta biyar ma ta ɗan karkace, amma muryarta ta sauko ƙasa ta zauna.

Yanzu da dare sai in maƙala abin ji a kunne, in bi shi da yatsu kawai, iskar tana wuce saman hudar ba ta shiga, ba abin da ke fita sai ɗan huci kamar tayar keke na sacewa. Da hantsi in jingina katifa da bangon da ya raba ni da Iya, in rataya bargo a ƙofa, in juya wajen tufafin da ke rataye, in ja sauti ɗaya har iyakar numfashi. Manyan muryoyin sama kuwa ina tara su sai injin markaɗen bayan gida ya tashi, ko an ɗauke wuta janareto sun fara gasa. Ana kiran salla, ko almajiran Malam sun ɗauki allo bayan magariba, bututu ya koma bayan akwati.

Da na karanta tarihinsa sai ƙaunar ta ninku. An haife shi a Allahabad a 1938, mahaifinsa ɗan kokawa ne mai son ɗansa ya gaje shi, shi kuwa yaron ya riƙa sulalewa gidan aboki yana koyon kiɗa a ɓoye. Ashe shi ma ɗan laɓe ne irina! Wannan mai laɓen ne ya koyar a makarantar kiɗa ta Rotterdam, kuma a 2000 Indiya ta ba shi lambar Padma Vibhushan.

Jiya da la'asar ina cikin jan dogon sautina Iya ta sake ɗaga labule, da ƙosai uku a takarda.

"Ɗan nan, akuyar taka ta zama saniya."

Na fara washe baki, ina gyara riƙon bututu don in ƙara mata. Ta ɗaga hannu.

"A'a, ajiye. Ɗora wayar a taga ka kunna mana na Ba'indiyen, zan tsince wake."