Gyare da Tururuwa: Abin da Mushe Bai Faɗa Mana Ba

Duk wanda ya zauna a bencin lakwal a Nijar zai tuna ranar da mushe ya tsayar da shi gaban allo ya karanto tatsuniyar Gyare da Tururuwa da ka, hannuwa a baya. Ita ce ta farko a littafin Jean de La Fontaine da ya fito a Faransa a 1668, shi ma wurin Aesop na Girka ya aro ta. Layi 22 ce kacal. Gyare ya ƙare lokacin zafi yana waƙa, sanyi ya same shi ba ko ƙwaya, ya je wurin maƙwabciyarsa, ta sallame shi da gatse. Aka ce mana darasin shi ne sakamakon lalaci, muka haddace, aka wuce.

Da na sake karanta ta da girmana, sai na nemi kalmar lalaci na rasa. La Fontaine bai rufe wannan tatsuniya da wa'azi ba. Aibin da ya ambata da bakinsa na tururuwa ne, wato ƙin ba da rance. Gyare kuwa ba bara ya je ba, bashi ya nema, da alkawarin biya har da riba. Tun 1762 Rousseau ya yi ƙorafi a littafinsa Émile cewa yaro ba zai so zama gyare ba, tururuwa zai zaɓa, ya koyi rowa haɗe da izgili. Ina ganin ya yi gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda labarin ke faɗowa a kunnen yaron Maradi ko Tasawa. A wurinmu sanyi ba lokacin yunwa ba ne. Da hunturu rumbu cike yake, an gama kaka. Wuya tana zuwa ne da damina, kafin sabon gero ya nuna. Watan Agusta da gyare ya ɗauki alkawarin biya kafinsa lokacin girbi ne a Faransa, a nan kuwa shi ne tsakiyar ƙunci. Kuma mai zuwa rance a irin wannan lokaci galibi manomi ne da ya yi noma, fari ko fara suka cinye, kamar yadda aka gani a 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005. Yaron da ya ga babansa ya ɗauki buhu ya nufi gidan maƙwabci, me zai ji idan aka ce masa mai rance rago ne?

Sai batun waƙa. A ƙasar Hausa makaɗin noma yana bin manoma gona ranar gayya, gangarsa ce ke ɗaga fartanya, da kaka kuma a kai masa daminsa. Ba wanda ke ce masa cima-zaune. Masu fassara gyaren da "fara" ma sun ƙara dagula lamarin, don fara a nan ɓarauniyar gona ce, ko kuma abin soyawa a ci da yaji, ba mai tausaya mata.

Ban ce a cire tatsuniyar ba, tana da daɗi, gatsen ƙarshe ma gwaninta ne. Amma bayan hadda, a tambayi yara me za su yi da su ne tururuwa, sannan a ajiye musu Gizo a gefe, ragon da kwaɗayinsa ke kama shi ba tare da kowa ya rufe masa ƙofa ba. Na gwada haka da ɗiyar ƙanwata mai shekara tara. Ta ce ita za ta ba gyare tiya biyu, amma sai ya yi mata waƙa ranar shuka.