Tirayatlon da Goyo: Martani ga Masu Cewa a Bar Iyali a Gida

Suka iri biyu ake yi wa mutumin da ya kwashi ƙananan yara da uwarsu ya tafi gasar tirayatlon a wani gari ko wata ƙasa, kuma masu sukar ba sa ga maciji da juna. Kashi na farko masu horarwa ne da 'yan wasan da suka ɗauki abin da zafi. Su a wurinsu makon gasa mako ne na barci da miƙe ƙafa da cin abinci a kan ƙa'ida, shi kuwa yaro ɗan shekara biyu bai san wannan zance ba: zai farka ƙarfe biyun dare domin jikinsa yana bin agogon gida, zai kwaso mura a jirgi ya raba wa kowa. Kashi na biyu cewa suke yi son kai ne tsagwaronsa. An yi wa iyali alkawarin hutu, sai ga su a bakin titi rana tana dukansu, suna jiran mutumin da zai wuce fiu a kan keke bai ko ɗaga musu hannu ba. Hukuncinsu dai ɗaya ne, a bar iyali a gida. Ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tarihin wasan ma bai goyi bayansu ba. Tseren da aka yi a Mission Bay da ke San Diyego ranar 25 ga Satumba 1974, wanda ake ɗauka shi ne mafarin tirayatlon na zamani, mutum 46 ne suka shiga, kuma cikinsu akwai wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy, da 'ya'yansu biyu. Wannan miji da mata su ne suka shirya Ironman na farko a tsibirin Owahu na Hawayi ranar 18 ga Fabrairu 1978: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai. A ranar kowane ɗan tsere da masu rakiyarsa yake tafe, suna biye da shi a mota da ruwa da abinci. John Dunbar, wanda ya daɗe yana gaba, ruwa ne ya ƙare wa masu rakiyarsa suka koma ba shi giya, Gordon Haller ya wuce shi ya yi nasara cikin awa 11 da minti 46. Daga nan sai ƙungiyar duniya da aka kafa a Abinyo ta Faransa a 1989, sai shiga Olamfik a Sidni a 2000 da gajeren zango na iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Ɗan wasa shi kaɗai a ɗakin otal, ya rufe labule yana lissafin bugun zuciyarsa, baƙo ne da ya zo daga baya.

Amma ba da tarihi nake son kafa hujja ba. Hujjata tana cikin filin sauyi, wato wannan shingen da ake jera kekuna, inda ake fitowa daga ruwa a hau keke, a kuma sauka daga keke a fara gudu. Masu wasan suna kiransa fanni na huɗu, sai dai yawancinsu faɗa kawai suke yi, ba sa ba shi ko kashi ɗaya cikin goma na lokacin da suke ba wa keke.

Mu tsaya mu dubi abin da ke faruwa a wurin. Mutum ya fito daga ruwa bayan ya daɗe a kwance, ya miƙe tsaye farat ɗaya, jini bai gama komawa inda ya kamata ba, kansa yana juyawa, yatsunsa sun sandare. A haka zai zuge zif ɗin rigar roba yana gudu, ya zare hannuwa, ya sauke ta zuwa ƙugu kafin ya isa kekensa, sannan ya take ta da ƙafa ya fice. Sai ya gano nasa keken cikin ɗaruruwa masu kama da juna. Doka ta ce hular kwano za ta hau kai, a ɗaure igiyarta, kafin a taɓa keke daga maratayinsa. Ba a hawa sai an wuce layin hawa. Ƙwararru tun kafin gasa suke maƙala takalman keken a jikin feda, su ɗaure su da siririyar roba irin ta ɗaure kuɗi don kada su ja ƙasa, su ruga ba takalmi suna riƙe da sirdi, su ɗare, robar ta tsinke da kanta a juyin farko, sai can gaba su zura ƙafa. A dawowa kuma a cire ƙafa tun keke yana tafiya, a sauka kafin layi, a rataye keke, sannan a kwance hula. Wanda ya juya wannan jeri ko da wuri ɗaya, alƙali yana tsaye yana kallo. A Landan a 2012 Jonny Brownlee ya hau keke kafin ya ƙetare layi, aka ci shi tarar daƙiƙa 15, ya tsaya cak a tsakiyar gudu yana kallon agogo, da tagulla ya tashi. A gasar mata ta wannan shekarar Nicola Spirig ta Suwizalan da Lisa Nordén ta Suwidin lokaci ɗaya agogo ya ba su bayan kusan awa biyu, sai da aka duba hoto. A irin wannan wasa, wanda ya tsaya neman tabarau a cikin jaka ya gama yawo.

To me ake buƙata a nan? Ƙarfi ba ya aiki a filin sauyi, huhu ma haka. Abin da ke aiki shi ne mutum ya yi tunaninsa tun jiya, domin yau kan ba zai yi ba. Hula a kife da bakinta sama, igiyoyi a buɗe, tabarau a cikinta, lamba a kan sirdi, takalman gudu bakinsu a wangale da ɗan hoda a ciki. Kamar teburin mai shayi da asuba ne, hannu ya san inda madara take ko ido bai duba ba. Kuma a rage kaya: duk abin da ka ajiye a wurin wanda ba za ka taɓa ba, zai tare maka wanda za ka taɓa.

Yanzu a gaya mini wane ne ya fi sanin wannan aiki a duniya. Uwar da ta taɓa fita da jariri da ɗan yaye zuwa filin jirgi kafin gari ya waye ta san shi sarai. Ta san famfas yana aljihun waje, ba ƙasan jaka ba. Ta san rigar canji tana kusa da hannu, ruwan zafi an zuba tun dare, fasfo ba ya zama wuri ɗaya da biskit. Ta saba yin abu daidai alhali barci bai ishe ta ba, ana kuka a kunnenta. Wannan shi ne ainihin abin da filin sauyi yake tambaya, kuma babu kocin da zai koyar da shi a takarda. Masu cewa yaro yana ɓata shirin gasa barcin da aka rasa kawai suke ƙirgawa. Su ƙirga har da mutumin da ya koyi kada ya rikice idan abu ya karkace, domin a tirayatlon wani abu sai ya karkace: taya ta yi faci, tabarau ya cika da ruwa, ciki ya murɗa. Daren gasa kuwa, wa yake barci? Mai yara da marar yara duk ido biyu suke kwana, ƙarfe huɗu sun tashi suna tura abinci ba don suna jin yunwa ba.

Amfani na biyu na filin sauyi ya fi wannan girma, kuma shi ne amsar masu zancen son kai. A gudun fanfalaki mutum yana tashi daga nan ya ɓace, sai a ƙarshe. A tseren keke ma haka. Tirayatlon kuwa gininsa ya tilasta wa ɗan wasa ya riƙa komowa gida. Iyali su samu inuwa ɗaya kusa da shingen: za su ga shigarsa ruwa, su ga fitowarsa, su ga tafiyarsa da keke da dawowarsa, su ga ya fita gudu, su ga ya ƙare. Idan hanyar zagaye ce ana maimaitawa, ganin ya ninka. Tsakanin wannan da wancan akwai lokacin cin abinci, da na wasa a yashi, da na barcin rana. Yaro ƙarami ba ya iya jiran awa biyar, amma yana iya jiran minti ashirin sau da yawa. Kuma abin da yake gani a filin sauyi ba jarumin talabijin ba ne. Babansa yake gani, ko mamarsa, a jiƙe, ana kokawa da safa, ana tangaɗi. Ni dai na fi son yaro ya ga wannan a kan ya ga lambar yabo a rataye a bango.

Shi ya sa ba na cikin masu yi wa Kona kirari. Tun 1981 da aka mayar da gasar Ironman ta Hawayi can, ta zama alƙiblar masu wannan wasa, kuma ba a musun darajarta. Amma hanyar kekenta doguwa ce guda, a miƙe cikin baƙin dutsen aman wuta har garin Hawi a dawo, kuma sashen gudun da ya fi wuya, wanda suke kira Energy Lab, ba a barin 'yan kallo su shiga. Mai goyo ba ta da abin yi a nan sai kallon waya. Gasar gajeren zango ta Hambug a Jamus, inda ake iyo a tafkin Alster a tsakiyar birni a ƙare a gaban majalisar gari, ta fi ta hankali nesa ba kusa ba. Masu ganin gajeren zango wasan yara ne, sai doguwar gasa ce ta maza, su je su gwada gudun kilomita 10 da irin saurin da ake yinsa bayan keke, sannan mu yi magana.

Sai batun layin ƙarshe, inda kamfanoni biyu suka raba hanya. Shekaru da dama an saba ganin uba ko uwa a Ironman sun saɓa yaro a wuya suna ƙetare layi. Tun 2009 kamfanin ya hana, wanda ya shigo da ɗansa ana iya soke sakamakonsa. Dalilinsu tsaro ne, da kuma kada iyalin wani su tare wa na baya hanya su ɓata masa hoto. Dalili ne, amma ƙarami, irin wanda ma'aikaci ɗaya da igiya ɗaya za su magance. A Roth ta jihar Bavariya, gasar da ta rabu da Ironman ta koma Challenge a 2002 ƙarƙashin Herbert Walchshöfer, kuma iyalinsa suka ci gaba da riƙe ta bayan rasuwarsa, ana shiga dandalin ƙarshe da yara, sama kuma ba ta faɗo ba. Roth ma tana da nata aibin, a faɗi gaskiya: filin sauyinta biyu ne, ɗaya a bakin mashigin ruwa kusa da Hilpoltstein, ɗaya a cikin gari, sai iyali sun yi ƙaura da rana tsaka. Abin da ya cece ta shi ne keken zagaye biyu ne, ana bi ta tudun Solar inda jama'a suke matsewa har sai keke ɗaya ne ke iya ratsawa.

Dokar hana taimakon waje kuwa ina bayanta ɗari bisa ɗari. Ba a karɓar ko gorar ruwa daga hannun miji ko mata, ba a gudu a gefen ɗan wasa don ƙarfafa shi. Wannan ya sauke wa iyali nauyi: ba ma'aikata ba ne, kuma giyar Dunbar ba za ta maimaitu ba.

Akwai wuri ɗaya da masu suka suka taɓo gaskiya. A mafi yawan gidaje namiji ne ke tsere, mace ce ke rungume da yara tun asuba har dare, kuma a doguwar gasar da ake ba da awa 17 kafin a rufe, aikinta ya fi nasa tsawo, ba wanda zai rataya mata komai a wuya. Ga kuɗin rajista, ga akwatin keke da ya cinye wurin keken jariri a bayan mota. Sai dai wannan laifin rabon aiki ne a gidan, kuma barin ta a gida da yaran ba ya gyara shi, ɓoye shi kawai yake yi. Gyaran shi ne karɓa-karɓa, kuma manyan wasan sun nuna ana yi. Patrick Lemieux ya ajiye sana'arsa ta tseren keke ya koma yi wa matarsa Gwen Jorgensen girki da haɗa kaya, ta ci zinare a Riyo a 2016. Spirig ta haihu a 2013, ta ɗauki azurfa a Riyon nan, ta je Tokiyo tana da yara uku. Chelsea Sodaro ta lashe Kona a Oktoban 2022 'yarta tana da wata 18, yarinyar kuma tana wurin. Su waɗannan abincinsu ke nan, daƙiƙa ɗaya kuɗi ce a wurinsu, amma ba su ce sai an kawar da yara daga gabansu ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin banki da ke fafutukar zama na ɗari uku a rukunin shekarunsa, da wane baki zai ce kukan ɗansa ne ya hana shi nasara?

Saboda haka mai niyyar tafiya da ƙananan yara, kafin ka biya kuɗin rajista buɗe taswirar gasar tukuna. Duba ko filin sauyin ɗaya ne ko biyu, ƙirga sau nawa hanya take komowa ta gabansa, nemi inda inuwa da banɗaki suke, ka kama masauki inda za a iya komawa da ƙafa idan yaro ya gaji. Ka kuma zauna da uwar yaran ku tsayar da ranar da kai ma za ka riƙe jaka ita ta shiga ruwa. In gasar ba ta cika waɗannan ba, bar ta, akwai wata.